Curt Flood: Ɗan wasan da ya ce shi ba haja ba ne

A farkon watan Oktoban 1969 aka kira Curt Flood a waya a birnin St. Louis na Amurka. Wanda ya kira shi wani jami'in ofis ne mai matsakaicin muƙami a kulob ɗin Cardinals, ko babban manajan kulob ɗin bai ga ya dace ya ɗaga waya da kansa ba. Saƙon kuma gajere ne: an yi musayar 'yan wasa, daga yau kai ɗan kulob ɗin Phillies ne na Filadelfiya. Shekara 12 Flood ya yi yana sanye da rigar Cardinals, yana ɗaya daga cikin kyaftin biyu na kulob ɗin, a St. Louis yake da gida da harkokin kasuwanci. Babu wanda ya nemi jin ra'ayinsa, kuma a dokar wasan besbol ta wancan lokaci babu wanda ya wajaba ya nema.

An haɗa shi da Tim McCarver da Joe Hoerner da Byron Browne, aka karɓo Dick Allen da Cookie Rojas da Jerry Johnson. Irin wannan musaya ba sabon abu ba ce, an yi ta sau ɗaruruwa kafin nan, kowa kuma ya tattara kayansa ya tafi inda aka tura shi. Flood ya ce ba za shi ba.

Kafin a fahimci nauyin wannan magana, sai an san irin aikin da mutumin yake yi da matsayin da ya taka a cikinsa. A wasan besbol, mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai riƙe da sanda yana dukanta, in ya same ta sai ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu. A can bayan fili, inda ciyawa ta yi faɗi, mutum uku ne ke gadi: na hagu, na dama, da na tsakiya. Na tsakiyar shi ne mai fili mafi girma, kuma shi ke da ikon cewa ƙwallo tasa ce idan ta faɗo tsakaninsa da abokan gadinsa. Aikinsa yana farawa ne tun kafin ƙwallon ta tashi. Yana kallon inda mai kama ƙwallo ya ajiye safar hannunsa, yana lura da yadda mai sanda ya tsaya, yana jin ƙarar haɗuwar sanda da ƙwallo, a cikin ƙiftawar ido zai yanke shawarar ko gaba zai yi ko baya. Takun farko shi ne komai. In ya yi daidai, sai ka ga kamar ƙwallon ce ta zo ta same shi. In ya kuskure, duk gudunsa ba zai gyara ba.

Flood ba shi da girman jiki, tsayinsa bai wuce mita 1.75 ba, amma a wannan aiki ba a samu kamarsa da yawa ba. Shekara 7 a jere, daga 1963 zuwa 1969, yana karɓar kyautar Safar Zinare da ake bai wa waɗanda suka fi iya tsaron fili, a zamanin da Willie Mays yake kan ganiyarsa. Ya taɓa jera wasa 226 bai yi kuskure ko ɗaya ba, har da kakar 1966 gaba ɗayanta. Da sanda ma ba baya ba ne: a 1964 ya yi dukan da ya kai shi tasha sau 211, shi da Roberto Clemente suka yi kunnen doki a saman rukuninsu, kuma a tsawon rayuwar wasansa yakan yi nasara kusan sau 29 cikin kowane tsayuwa 100, abin da masana wasan ke ɗauka da daraja ƙwarai. Da shi Cardinals suka ci kofin World Series, babban kofin besbol na Amurka, a 1964 da 1967. A watan Agustan 1968 mujallar Sports Illustrated ta sa hotonsa a bango, ta kira shi wanda ya fi kowa iya tsaron tsakiyar fili.

Wata biyu bayan haka abin da kowane mai tsaron fili yake tsoro ya same shi. Ranar 10 ga Oktoban 1968 ce, wasa na bakwai kuma na ƙarshe na World Series tsakanin Cardinals da Detroit Tigers, wanda ya ci shi ke da kofi. An kai zagaye na bakwai babu wanda ya ci ko ɗaya, amininsa Bob Gibson ne ke jifa. Mutum biyu na Detroit suna kan tashoshi, sai Jim Northrup ya maka ƙwallo ta nufi tsakiyar fili. Flood ya yi taku zuwa gaba, ya gane ta fi ƙarfin inda ya zata, ya juya zai koma baya ƙafarsa ta ɗan goce, ƙwallon ta haye kansa ta faɗi. Mutum biyun suka kammala zagaya tashoshi, Detroit ta ci biyu. Detroit ta ci wasan 4 da 1. Gibson bai taɓa ɗora masa laifi ba, amma daga ranar wani abu ya fara tsami tsakaninsa da masu kulob.

Da aka zo maganar albashin 1969, Flood ya nemi dala 100,000, aka tsaya a 90,000 bayan ja-in-ja. Mai kulob ɗin, August Busch, attajirin kamfanin giya na Anheuser-Busch, ya tara 'yan wasansa a sansanin atisaye a watan Maris, a gaban 'yan jarida, ya yi musu faɗa kan son kuɗi da rashin kula da magoya baya. Flood ya ji abin a ransa a matsayin cin fuska. Kakar ta ƙare Cardinals ba su taɓuka abin kirki ba, sai ga kiran wayar nan.

Sharaɗin riƙo

Abin da ya bai wa kulob wannan iko wani ɗan sakin layi ne a takardar kwantiragin da kowane ɗan wasa yake sa wa hannu. Asalinsa tun 1879 ne, lokacin da masu kulob-kulob suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa kowa zai riƙe 'yan wasa biyar waɗanda sauran ba za su taya ba. A hankali aka faɗaɗa shi ya haɗa da kowa. A rubuce, sharaɗin yana cewa ne idan kwantiragi ya ƙare ba a daidaita kan sabo ba, kulob na da ikon sabunta tsohon na shekara ɗaya. Masu kulob suka fassara shi da cewa sabuntawar ta haɗa da shi kansa sharaɗin, don haka kowace shekara tana haifar da wata, har abada.

A aikace ma'anarsa ita ce: yaro ɗan shekara 18 ya sa hannu sau ɗaya, shi ke nan ya zama na wannan kulob har ya tsufa. Za a iya sayar da shi, a musanya shi, a rage masa albashi har kashi 20 cikin 100, a mayar da shi ƙaramin rukuni. In bai yarda ba, hanya ɗaya ce a gabansa, ya bar sana'ar. Babu wani kulob da zai ɗauke shi. Direba ko malamin makaranta ko makaniki zai iya barin wani ubangida ya nemi wani, ɗan wasan besbol ba shi da wannan dama.

A ƙa'ida irin wannan haɗin baki ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwanci da Amurka ta kafa tun 1890. Sai dai a 1922 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wasan besbol ba kasuwanci ne tsakanin jihohi ba, saboda haka dokar tarayya ba ta hau kansa ba. A 1953 aka sake kai ƙara, kotun ta tsaya a kan bakanta. Abin mamakin shi ne, ita dai wannan kotu ta ce dokar ta hau kan dambe da kuma ƙwallon zari-ruga ta Amurka. Besbol kaɗai aka ware aka ba shi rigar kariya.

Mutumin da ya tunkari wannan katanga ba baƙo ba ne a wajen wulaƙanci. An haife shi a Houston a 1938, ya tashi a Oakland ta jihar Kalifoniya, inda baƙi da farare suke makaranta ɗaya. A 1956 kulob ɗin Cincinnati ya ɗauke shi ya tura shi ƙaramin rukuni a Arewacin Karolina, shekara ta gaba kuma Savannah a jihar Jojiya, tsakiyar kudancin da ake wariyar launin fata da doka. Ba ya cin abinci inda abokan wasansa suke ci, ba ya kwana inda suke kwana, 'yan kallo suna zaginsa tun daga farkon wasa har ƙarshe. Ya ba da labarin wata rana da aka yi wasa biyu a jere. Da aka gama na farko, kowa ya tuɓe rigarsa ya jefa cikin tarin wanki, shi ma ya jefa tasa. Mai kula da kaya ya zo da doguwar sanda ya tsamo rigar Flood daga cikin tarin, don kada hannunsa ya taɓa ta, aka aika da ita wajen wankin baƙar fata a wata unguwa. Yaron ya zauna shi kaɗai babu riga yana jira, sauran suna fili. Duk da irin wannan wulaƙanci, a kakar 1956 shi ne ya fi kowa iya duka a rukuninsa.

A 1962 ya bi Jackie Robinson zuwa Misisipi wajen taron masu fafutukar 'yancin baƙar fata. A 1964, kwanaki kaɗan bayan ya ci kofin World Series, ya kama hayar gida a garin Alamo na Kalifoniya, da mai gidan ya gano baƙaƙe ne masu hayar sai aka tare ƙofa aka yi musu barazana da bindiga. Flood ya je kotu ya samo umarni, ya shiga gidan da iyalinsa da rakiyar 'yan sanda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Lokacin da irin wannan mutum ya ji an ce an musanya shi kamar kaya, abin da ya ji a ransa ya wuce maganar canjin gari.

Da farko ya yi niyyar ya ajiye wasan kawai. Filadelfiya ba ta ba shi sha'awa: kulob ɗin yana kusa da ƙasan teburi, filin wasansu ya tsufa, magoya bayansu kuma sun yi ƙaurin suna wajen muzguna wa baƙaƙen 'yan wasa, shi kansa Dick Allen abin da ya kore shi ke nan. Phillies suka yi masa tayin dala 100,000, adadin da ya nema a St. Louis aka hana shi. Bai karɓa ba. Ya nufi Niyok wajen Marvin Miller, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa.

Miller masanin tattalin arziki ne da ya fito daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarafa, ya karɓi ragamar ƙungiyar 'yan wasa a 1966. Bai rufe masa komai ba. Ya gaya masa cewa da ƙyar ne ya yi nasara, domin sau biyu Kotun Ƙoli tana goyon bayan masu kulob. Ya gaya masa shari'ar za ta ɗauki shekaru, shi kuma yana dab da cika 32, ƙarfinsa na tafiya. Ya gaya masa ko da ya ci, da wuya ya ga kuɗin diyya, kuma ya cire rai da samun aikin koci ko manaja bayan ya yi ritaya. Kamar yadda Miller ya ba da labari, Flood ya tambaye shi ko nasarar za ta amfani sauran 'yan wasa da masu zuwa a baya. Da aka ce masa za ta amfane su, sai ya ce wannan ya ishe shi.

A watan Disamba wakilan 'yan wasa suka yi taro a Puerto Rico, Flood ya tsaya a gabansu. Ɗaya daga cikinsu, Tom Haller, ya tambaye shi kai tsaye ko don yana baƙar fata ne yake wannan abu, ganin yadda ƙasar ke tafasa a lokacin. Flood ya amsa cewa abin da ya sha a matsayinsa na baƙar fata ya sa ya fi saurin gane zalunci, amma ƙarar a matsayin ɗan wasa zai shigar da ita. Roberto Clemente ya mara masa baya. Wakilan gaba ɗayansu suka amince ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin shari'ar.

Ranar 24 ga Disamban 1969 ya aika wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, da wasiƙa. Jimlarta ta farko ita ce aka fi tunawa: bayan shekara goma sha biyu a babban rukuni, ba na jin cewa ni wata kadara ce da za a saya a sayar ba tare da la'akari da abin da nake so ba. Ya nemi a sanar da duk kulob-kulob cewa yana da 'yancin tattaunawa da kowa. Kuhn ya amsa cewa ya yarda Flood mutum ne ba kadara ba, amma bai ga yadda hakan ya shafi wannan batu ba. A farkon Janairu ɗan jarida Howard Cosell ya tambaye shi a talabijin yadda mai karɓar dala 90,000 zai kira kansa bawa. Flood ya ce bawan da ake biya da tsoka, bawa ne dai.

Wannan kalma ta jawo masa baƙin jini. A lokacin matsakaicin albashin ɗan wasa a babban rukuni bai wuce kimanin dala 25,000 ba, talakan Amurka kuwa ko kusa bai kai haka ba. Marubuta wasanni da yawa suka kira shi butulu, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka riƙa zuwa. A ganina waɗanda suka tsaya a kan adadin kuɗin sun bar jaki suna dukan taiki. An riga an yi masa tayin ƙarin albashi ya ƙi. Mutumin da kuɗi yake nema ba zai ajiye dala 100,000 ya tafi kotun da aka ce masa ba zai ci ba.

A gaban alƙali

Ranar 16 ga Janairun 1970 aka shigar da ƙarar a kotun tarayya da ke Niyok. Lauyansa babban mutum ne, Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli kuma tsohon jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai dai a wannan shekarar Goldberg ya shiga takarar gwamnan jihar Niyok, hankalinsa ya rabu biyu. A watan Mayu aka fara sauraron shaidu a gaban mai shari'a Irving Ben Cooper.

Masu kulob suka ce in aka cire sharaɗin riƙo, wasan zai ruguje: kulob-kulob masu kuɗi za su kwashe duk gwanaye, ƙanana su mutu, kuma babu wanda zai ƙara kashe kuɗi wajen rainon yara a ƙananan rukunai. Hujjar ba ta banza ba ce gaba ɗaya, kuma har cikin 'yan wasa akwai waɗanda suka gaskata ta. A ɓangaren Flood, Jackie Robinson ya zo, mutumin da ya karya shingen wariya a wasan a 1947. Yana da shekara 51 kacal amma kansa ya yi fari fat, ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, ganinsa ya yi rauni. Ya ba da shaida cewa tsarin da ya karkata ga ɓangare ɗaya haka ba daidai ba ne. Hank Greenberg, tsohon tauraro, ya zo. Bill Veeck, wanda shi kansa ya taɓa mallakar kulob, ya zo.

Cikin 'yan wasan da ke bugawa a lokacin, ko mutum ɗaya bai ba da shaida ba, ko mutum ɗaya bai zo ya zauna a kujerar 'yan kallo ba. Wannan shi ne wurin da ya fi yi mini ciwo a duk labarin. Mutanen nan sun kaɗa ƙuri'a sun ce suna tare da shi, kuɗinsu ne ake biyan lauya da shi, amma nuna fuska a kotu ya gagare su. Ba zan yi saurin zaginsu ba, domin sharaɗin da ake shari'a a kansa shi ne wuƙar da ke wuyansu: duk wanda aka gani a kotun, gobe za a iya tura shi ƙaramin rukuni ko a sayar da shi, kuma yana da iyali. Shekaru bayan haka Bob Gibson ya faɗi gaskiya, ya ce yana bayan Curt ɗari bisa ɗari, amma ya ja baya kamar taku goma ko da wani abu zai biyo baya. Miller ma ya amince daga baya cewa kuskure ne da bai matsa wa 'yan wasa su halarta ba.

A watan Agustan 1970 Cooper ya yanke hukunci, Flood ya faɗi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1971. Kotun Ƙoli ta saurari lauyoyi a watan Maris na 1972, kuma waɗanda suka halarta sun ce Goldberg bai yi abin a-zo-a-gani ba, ya ɓata lokacinsa wajen karanto tarihin wasan Flood. Ranar 19 ga Yunin 1972 hukunci ya fito, alƙalai 5 suka goyi bayan masu kulob, 3 suka saɓa: William Douglas da William Brennan da Thurgood Marshall. Lewis Powell ya janye kansa saboda yana da hannun jari a kamfanin Anheuser-Busch. Harry Blackmun, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya buɗe shi da dogon yabon wasan besbol da jerin sunayen tsoffin gwanaye 88. Bayan haka ya amince cewa besbol kasuwanci ne tsakanin jihohi, ya amince cewa keɓe shi da aka yi abu ne da ya fita daga tsari, sannan ya ce tun da an shekara 50 a haka majalisa ba ta gyara ba, gyaran na majalisa ne. Wato kotu ta ce Flood yana da gaskiya a kan yadda abin yake, amma ba za ta taɓa shi ba.

Kafin nan rayuwar wasansa ta riga ta ƙare. Ya zauna kakar 1970 bai buga ba, ya tafi Kofanhegan ta ƙasar Denmak, kasuwancinsa na St. Louis ya durƙushe, bashi ya taru. A ƙarshen shekarar kulob ɗin Washington Senators ya karɓo shi daga Phillies a kan dala 110,000, da sharaɗin cewa ƙarar tana nan. Jikin da ya shekara ba ya atisaye, ga kuma shan giya da ya yi yawa, bai amsa ba. Wasa 13 ya buga. A ƙarshen Afrilun 1971 ya aika wa mai kulob da telegiram daga filin jirgi ya bar ƙasar. Ya yi shekaru a tsibirin Mayoka na Sifaniya yana riƙe da mashaya, ya dawo Amurka hannu rabbana. Aikin da ya samu a harkar babban rukuni shi ne sharhin wasannin Oakland a rediyo a 1978, na kaka ɗaya. Abin da Miller ya gaya masa ya tabbata, babu ragi.

Ta inda ƙofar ta buɗe

Ana yawan cewa Curt Flood ne ya 'yantar da 'yan wasa. Maganar tana buƙatar gyara, domin a kotu bai ci komai ba. Abin da ya faru ya fi haka sarƙaƙiya. Yayin da ƙararsa ke rataye a kansu, masu kulob sun riƙa gaya wa alƙalai cewa wannan batu ne na tattaunawa tsakaninsu da ƙungiyar ƙwadago, ba na kotu ba. Wannan magana ta ɗaure su. A yarjejeniyar 1970 suka amince a riƙa kai saɓani gaban mai raba gardama mai zaman kansa, maimakon kwamishinan da su suka naɗa. A Afrilun 1972 'yan wasa suka yi yajin aikinsu na farko na gama-gari. A 1973 aka kafa ƙa'idar cewa duk wanda ya shekara 10 a babban rukuni, 5 na ƙarshe a kulob ɗaya, ba za a musanya shi ba sai da yardarsa. Da wannan ƙa'ida tana nan a 1969, da Flood ya ce a'a ya ci gaba da zamansa a St. Louis. Ron Santo na Chicago Cubs ne ya fara amfani da ita a ƙarshen 1973.

A Disambar 1974 mai raba gardama Peter Seitz ya sallami mai jifa Catfish Hunter daga kulob ɗin Oakland saboda an saɓa masa kwantiragi. Kulob-kulob suka yi ca a kansa, New York Yankees suka ɗauke shi a kan sama da dala miliyan 3 na shekara biyar, shi da albashinsa yake dala 100,000. Nan kowa ya ga ainihin kuɗin da sharaɗin riƙo yake danne wa 'yan wasa. Sai Andy Messersmith da Dave McNally suka buga kakar 1975 ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba, suka ce shekara ɗayan da takarda ta ambata ta cika. Ranar 23 ga Disamban 1975 Seitz ya ce shekara ɗaya tana nufin shekara ɗaya. Masu kulob suka kore shi nan take, suka garzaya kotu, kotu ta tabbatar da hukuncinsa. A 1976 aka daidaita cewa ɗan wasa zai samu 'yancin zaɓar kulob bayan shekara 6. Miller da kansa bai so a saki kowa a lokaci guda ba, don ya san in kaya suka yi yawa a kasuwa farashi faɗuwa yake yi.

Wasan bai ruguje ba. 'Yan kallo ƙaruwa suka yi, kuma daga 1978 zuwa 1987 kulob 10 daban-daban ne suka ci kofin. Matsakaicin albashi ya tashi daga kimanin dala 51,000 a 1976 zuwa sama da 140,000 a 1980. A Disambar 2024 wani mai tsaron bayan fili, Juan Soto, ya zaɓi New York Mets da kansa a kan dala miliyan 765 na shekara 15. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna da Jean-Marc Bosman na Beljiyam, wanda kotun Turai ta ba shi gaskiya a 1995 har aka daina biyan kuɗin sayen ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare. Bosman ya ci shari'arsa, Flood ya faɗi tasa, amma dukansu sana'arsu ce ta tafi a kan hanyar, wasu suka ci moriyar.

Rabon Flood a cikin wannan nasara, a nawa fahimtar, shi ne ya cire wa abin tsarki. Kafin shi 'yan wasa da yawa sun ɗauka sharaɗin riƙo wani ɓangare ne na wasan kamar sanda da ƙwallo. Ya sa aka yi ta maganarsa a jaridu da talabijin har shekara biyu da rabi, ya tilasta wa Kotun Ƙoli ta faɗa da bakinta cewa tsarin ba shi da madafa, ya kuma nuna wa ƙungiyar ƙwadago cewa ta hanyar kotu ba za a fita ba, sai a nemi wata.

A tsakiyar shekarun 1980 ya daina shan giya, ya auri 'yar wasan kwaikwayo Judy Pace a 1986, rayuwarsa ta daidaita. Lokacin dogon yajin aikin 1994 ya yi wa 'yan wasa jawabi yana ƙarfafa musu gwiwa, suka miƙe tsaye suna masa tafi. Shekara ta gaba aka gano yana da sankarar maƙogwaro. Ya rasu a Los Angeles ranar 20 ga Janairun 1997, kwana biyu bayan ya cika shekara 59. A 1998 majalisar dokokin Amurka ta zartar da doka mai ɗauke da sunansa, wadda ta bai wa 'yan wasan babban rukuni kariyar dokar hana babakere a harkar aikinsu, Shugaba Bill Clinton ya sa mata hannu.

A zauren karrama gwanayen wasan da ke Cooperstown, an shigar da Bowie Kuhn a 2008. An zaɓi Marvin Miller a 2019, shekara bakwai bayan rasuwarsa. A 2020 'yan majalisar dokoki sama da 100 suka rubuta wasiƙa suna neman a shigar da Flood. A Disambar 2024 kwamitin da ke duba tsoffin 'yan wasa ya zaɓi Dick Allen, mutumin da aka yi musayarsa da shi, kuma ya cancanta. Sunan Flood bai shiga jerin mutum takwas da aka kaɗa wa ƙuri'a ba.